Ƙaramar Makaranta a Bayan Majami'a

Darasin wannan wata. A karanta: Kubawar Shari'a 6:4-9, Nehemiya 8:1-12, 2 Timothawus 1:3-5 da 3:14-17, Yaƙub 5:1-6. Waɗanda ke riƙe da sabon juyi za su sami littattafan nan da sunan Maimaitawar Shari'a, da Timoti, da Yakubu.

Darasin nan ya samo asali ne daga wani taron dattawan ekklesiyarmu, a daren da muka zauna mu yanke shawara ko za mu rufe makarantarmu ko kuwa za mu bar ta. Makarantar ƙarama ce ƙwarai, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Ɗakuna uku ne na ƙasa da rufin kwano a bayan majami'a, na huɗun kuwa majami'ar ce kanta, inda a ke juya bencina ranar Litinin a mayar da su ranar Asabar. Aji shida ne a ɗaki huɗu, malamai huɗu, yaran kuma ba su kai ɗari ba. Abin da ya tara mu shi ne bashin albashin malamai ya hau kanmu, waɗansu iyaye kuma sun kwashe 'ya'yansu sun kai wata makarantar kuɗi da ke bakin titi.

Ana cikin magana sai wani tsoho daga cikin dattawa, wanda ba ya yawan buɗe baki a taro, ya gyara zama ya ce, "Fasto, ka gafarce ni, ina da tambaya. In an cire waƙar safe da addu'ar tashi, me ya raba makarantar nan tamu da ta gwamnati da ke ƙetaren rafi? In babu kome, ai gara mu huta, kuɗin mu sayi kwano mu gyara rufin majami'a."

Mun amsa masa a daren nan da kalmomi masu yawa, amma da muka koma gida muka kwanta, mun san ba mu amsa ba. Tun daga ran nan mu ke ta bincike cikin Littafi Mai Tsarki, muna kuma zuwa makarantar mu zauna a baya mu duba da idonmu. Abin da muka samu shi ne mu ke so mu yi nazarinsa tare da ku, gama mun san akwai ekklesiyoyi da yawa da ke ɗauke da irin wannan kaya.

Bari mu fara da yinin makaranta, domin iyaye da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Wajen ƙarfe bakwai da rabi wani babban yaro ya kan buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a darbejiya. Kafin wannan lokaci yawancin yaran sun riga sun yi aikin rabin safiya. 'Yan mata sun ɗebo ruwa sun wanke kwanonin jiya, maza sun ɗaure awaki sun yanko musu ciyawa. Wani ya ci ɗumame, wani ya sha koko, wani kuwa ruwa kaɗai ya kurɓa ya fito. Su share fili, su yi layi, malama ta bi tana duba farce da haƙora, a yi taken ƙasa, a yi waƙar yabo da Hausa, a karanta aya guda, a yi addu'a, kowa ya shiga ajinsa.

Kowane lokaci na shekara da irin wahalarsa. Da hunturu za ka ga ƙanana suna rawar ɗari, leɓe ya tsage, ƙafa duk faso, har malami ya fito da su waje su yi karatu cikin hantsi. Da damina, in ruwa ya sauko a kan kwano, ba mai jin muryar wani, sai a naɗe hannu a jira. In kuwa rafi ya kawo, yaran ƙetare ba su zuwa ke nan. Zangon karatu na uku ya kan faɗo daidai lokacin shuka da noman fari, na farko kuma ya haɗu da kaka, saboda haka ranar da a ke tsinkar barkono ko roron wake sai ka ga benci rabi ba kowa. Ba mu ga laifin iyaye ƙwarai a kan wannan ba. Mu ma 'ya'yan manoma ne, mun kuwa san abin da hannun yaro ɗaya ke ragewa a gona.

In an fita tara, masu ƙosai da awara da rogo suna zaune a gindin bishiya. Maza su kama langa ko ƙwallon tsumma, 'yan mata su zauna carafke. A nan ne muka ga abu na fari da ya shafi tambayar dattijon nan. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu, 'yar wata gwauruwa, wadda kullum in an fita tara sai ta zaga bayan aji ta buɗe littafi kamar mai karatu. Mu da muka gan ta mun ce a ranmu, kai, yarinyar nan akwai ƙwazo. Malamarsu ce ta gane ba karatu ta ke yi ba, ɓuya ta ke yi domin kada a ga ba ta da abin saye. Malamar ba ta kira ta a gaban yara ta miƙa mata sadaka ba. Sai ta sa ta aikin goge allo da tattara alli a lokacin tara, sa'an nan su zauna su ci abin da malamar ta zo da shi daga gida, a kan cewa ladan aikinta ne. Malamar nan kuwa a lokacin tana bin mu albashin wata uku. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yanzu mu buɗe Kubawar Shari'a sura 6. Musa yana magana da Isra'ila a ƙasar Mowab, gab da za su haye Urdun. Ya fara da cewa Ubangiji ɗaya ne, a ƙaunace shi da dukan zuciya. Sa'an nan ya umarta maganar nan ta zauna cikin zuciyar manya tukuna, kana su koya wa 'ya'yansu. Ku lura da wuraren da ya ambata na koyarwar: zaman gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Bai ambaci aji ba, bai ambaci malami ba. Uba da uwa ne aka ɗora wa kayan. Haka kuma Bulus, sa'ad da ya ke tuna wa Timothawus inda bangaskiyarsa ta fito, bai kira sunan wata makaranta ba, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya kira, ya ce kuma tun yana jariri ya san littattafai masu tsarki. Uban Timothawus Bahelene ne, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ya nuna, watau gidan ba duka ne a kan hanya ɗaya ba, duk da haka matan nan biyu suka yi aikinsu.

To, ina matsayin makaranta? Makarantar ekklesiya aron hannu ce. Iyaye sun ga akwai abin da ba su iya koyarwa ba, kamar karatu da rubutu da lissafi, akwai kuma gona da ke jiransu, sai suka haɗa kai suka ɗauki wani amintacce ya riƙe musu yaran na 'yan sa'o'i. Aro kuwa ba ya mai da mai aro mai kaya. Amma mu a yau mun mai da makaranta kamar injin niƙa: a kai hatsi da safe, a biya, a komo da rana a ɗauki gari. Mun tambayi iyaye maza a majami'a wane ne ya san sunan littafin da ɗansa ke karantawa, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Yaro yana wurin malami sa'a biyar ko shida, sauran yini da dare yana gida. In malami ya koya masa ƙarya zunubi ce, ya komo ya ji ubansa ya ce a gaya wa mai bin bashi ba ya nan, wa ku ke tsammani zai bi?

Yana da kyau mu tuna inda irin makarantun nan suka fito. Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S., wanda ya koyi Hausa a Tarabulus kafin ya iso ƙasar nan, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya kai Kano a 1900 aka sallame su. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, ya tara yara kaɗan a gidansa yana koya musu. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda makarantar St. Bartholomew ta yi suna. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba shekaru masu yawa na ransa tare da Hausawan da suka taimake shi. A 1934 mishan ɗin S.U.M. ta buɗe makarantar horar da masu bishara da malamai a Gindiri. A ƙauyuka kuwa, a wuraren S.I.M. da sauransu, mai bishara shi ne malami. Ya kan tara manya da yara a rumfa ko gindin bishiya ya koya musu baƙaƙe, domin mai neman baftisma ya iya karanta Maganar Allah da kansa. Kakanninmu da yawa a irin rumfar nan suka fara riƙe alli, waɗansu da furfura a kansu.

Daga baya abubuwa suka sake. A farkon shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan, a 1976 kuma aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya. Ba mu ce duk abin da ya biyo baya sharri ne ba, gama yara masu ɗimbin yawa da dā ba su da hanyar makaranta sun shiga. Amma da azuzuwa suka cika maƙil, kulawa ta ragu, sai ekklesiyoyi suka sake komawa gina nasu kaɗan kaɗan. Tamu tana cikin waɗannan.

In an yi zancen Wusasa, mu kan yi saurin lissafta manyan da suka fito daga makarantar mishan ta Zariya: Likita Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda ya riƙe ƙasar nan a waɗannan shekaru. Gaskiya ne, mun kuwa gode wa Allah dominsu. Amma muna jin tsoron yadda mu ke faɗar sunayen nan, kamar su ne dalilin makaranta. Yawancin waɗanda suka zauna a bencinan nan ba su zama shugabanni ba. Sun zama manoma, da ungozoma, da kafintoci, da matan gida waɗanda in an gama tuwon dare su kan jawo fitila su karanta wa iyalinsu sura guda. In makarantarmu ta yi shekara hamsin ba ta fitar da gwamna ba, amma ta fitar da irin waɗannan, ba ta yi asara ba.

Wannan ya kawo mu ga magana mai zafi, watau maganar harshe. Iyayen da suka kwashe 'ya'yansu, yawancinsu abu ɗaya suka faɗa: a can bakin titi yaro ɗan shekara huɗu yana gaisuwa da Turanci, a nan kuwa ana ta Hausa. Domin tsoron kada sauran su tafi, sai mu ma muka umarci malamai su bar Hausa ɗungum, har muka sa doka a ci tarar yaron da aka ji yana Hausa a filin makaranta. Mun yi haka shekara biyu.

Ranar bikin rufe makaranta wata yarinya 'yar aji uku ta tsaya a gaban jama'a ta kawo Zabura 23 da ka, da Turanci, daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Majami'a ta ɗauki tafi, mata suka yi guɗa, uwarta har da hawaye. Bayan an tashi muka kira ta muka yaba mata, sa'an nan muka ce, "'Yata, wannan da kika faɗa, a kan wa a ke magana?" Ta sunkuyar da kai. Muka ce, "Akwai wata dabba a ciki, ko wani mai aiki?" Ta ce, "Baba, ba a gaya mana ba." Yarinyar nan kuwa kowace yamma ita ke koro tumakin gidansu daga fadama. Ta san makiyayi, ta san ɗanyar ciyawa, ta san inda ruwa ke kwance lafiya da inda ya ke ja, ta san amfanin sanda. Babu wani yaro a birnin Landan da ya fi ta kayan fahimtar Zaburar nan, amma muka rufe mata ita da harshen da ba ta ji, muka kuma yi tafi.

Ku duba Nehemiya sura 8. Jama'a sun taru a dandalin Ƙofar Ruwa, Ezra ya hau dakalin katako ya yi ta karatu tun da sassafe har tsakar rana. Amma ba a tsaya ga karatun ba. Lawiyawa suka shiga cikin jama'a suna bayyana ma'anar, har mutane suka gane, da suka gane kuwa suka yi kuka, daga baya suka tafi suka ci suka sha da murna. Aya ta 12 ta faɗi dalilin murnar, shi ne sun fahimci abin da aka faɗa musu. Haka kuma Filibus, da ya tarar da mutumin Habasha yana karanta Ishaya a cikin karusarsa, bai yaba masa daɗin murya ba, tambayarsa ya yi ko yana gane abin da ya ke karantawa. Ranar Fentikos ma abin da ya ba mutane mamaki shi ne kowa ya ji da harshen da aka haife shi a ciki.

Masana ilmi sun gwada wannan al'amari. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka soma wani gwaji, inda aka koya wa yara dukan darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, Turanci kuwa aka koyar da shi a kan darasi guda a hannun gwanayen malamai. Da aka auna, yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun fi su. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Yaron da aka sa shi koyon baƙaƙe da baƙon harshe a lokaci guda, kaya biyu ya ɗauka a kai ɗaya. In ya fara da harshen da ya ke mafarki da shi, ya kan gane cewa rubutu magana ce da aka ajiye a takarda, in kuwa ya gane wannan sau ɗaya, zai kai shi cikin kowane harshe.

Kada wani ya ce muna gāba da Turanci ko da ilmin zamani. Ko kaɗan. Istifanas ya shaida an koya wa Musa dukan hikimar Masarawa. Daniyel da abokansa sun yi shekara uku suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, suka fi kowa, ba su kuwa ƙazantu ba. Bulus ya yi karatu a wurin Gamaliyel, ya iya tsayawa a Atina ya yi muhawara da masanan Helenawa. Yaranmu za su rubuta jarrabawa da Turanci, za su nemi aiki da shi, za su karanta takardar magani da ta taki da shi. Wajibi ne su iya shi sosai, fiye da gaisuwar aku. Sai dai gini daga tushe a ke fara shi. Mun soke dokar tarar nan, mun kuma roƙi gafarar yaran a layin safe. Waɗansu dattawa sun ga kamar mun zubar da girmanmu. Mu dai ba mu ga haka ba.

Sai maganar gaskiya a jarrabawa. Bara, da lokacin jarrabawar shiga sakandare ya yi kusa, wani uba, ɗan ekklesiya mai baiko da hannu sake, ya je wurin malamin aji shida da dare ya roƙe shi ya shirya yadda za a taimaki ɗansa a ɗakin jarrabawa, ya ce ai ko'ina haka a ke yi. Malamin ya ce, "Baba, in kana so, ka turo mini shi kowace yamma in yi masa ƙarin darasi, ba sai ka biya ba. Amma wancan ba zan iya ba." Uban ya yi fushi, ya cire 'ya'yansa biyu. Abin kunyar namu ne. Da labarin ya iso wurin dattawa, maimakon mu tsaya bayan malamin, sai muka yi ta gunaguni cewa ya cika taurin kai, ya sa mun rasa kuɗin yara biyu a lokacin da mu ke cikin matsi. Ba wanda ya fito ya ce a yi satar amsa, amma an so a ce ya san yadda zai lallaɓa. Yaran aji shida duk sun ji abin da ya faru, gama ba a ɓoye wa yaran ƙauye kome. Muna tsammani abin da suka koya daga malaminsu a makon nan ya fi abin da suka koya daga wa'azinmu na shekarar.

Yanzu mu komo ga albashi. Mun sa Yaƙub 5 cikin karatun wannan wata da gangan, ko da ya ke mun saba karanta shi a kan attajirai mu gyaɗa kai. Yaƙub ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Shari'ar Musa ma ta hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki. Mu kuwa mun bar na malamanmu ya kwana wata uku, muna ce musu su yi haƙuri, aikin Ubangiji ne. A cikin watannin nan mun sayi sabuwar na'urar ƙara murya, mun yi babban taro mun yanka sa. In malami ya yi magana, sai a ce ba shi da ruhun sadaukarwa. 'Yan'uwa, sadaukarwa abu ne da mutum ke bayarwa da kansa. In wani ne ya ƙwace, sunansa dabam ne. Malamar da ke ciyar da 'yar gwauruwa tana da 'ya'ya uku nata, mijinta kuma ba shi da aiki sai gona. Ekklesiyar da ke bin malaminta da wa'azin aminci alhali tana riƙe da haƙƙinsa, tana rushe da hagu abin da ta ke ginawa da dama.

A kan bulala ba za mu daɗe ba. Littafin Misalai ya yi zancen sandan horo, ba mu musu. Amma Bulus ya gargaɗi ubanni a Afisawa 6 da Kolosiyawa 3 kada su tsokani 'ya'yansu har su karai. Mun hana abu biyu: dukan yaro domin bai gane darasi ba, da kiran sunan yaro a layi a kore shi domin ubansa bai biya ba. Na farko ba ya buɗe kai, tsoro ya ke sawa. Na biyu kuwa ɗora wa yaro kunyar da ba tasa ba ne. Mai bashi dattawa za su je gidansa.

Akwai kuma 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, da 'yan Fulani kaɗan daga rugar da ke yamma da gari. Iyayensu sun kawo su ne domin sun ga ana koyarwa da gaske. Waɗannan yara amana ne. Mu kan gaya wa uba a fili tun ranar farko abin da mu ke yi da safe, kada ya ji daga baya ya ce an yaudare shi. Ba mu tilasta wa yaro ya yi addu'armu, ba mu yarda wani ya yi masa ba'a, ranar Jumma'a kuma mu kan tashi da wuri. Ba mu ɓoye Almasihu, gama shi ne dalilin zamanmu a nan, amma ba za mu shigo da shi ta ƙofar wayo ba. A kwanakin nan da tsoro ya yi yawa, tun da aka sace ɗaliban makarantar Bethel ta 'yan Baptis a 2021 da yaran Kuriga a 2024, duka a jihar Kaduna, samarin da ke zaman gadi a bakin hanyar makarantarmu daga ɓangarorin biyu su ke, domin 'ya'yan kowa na ciki.

Ga abin da dattawa suka shirya a zama na biyu. Ba za a rufe makarantar ba bana. Za a biya malamai kafin a taɓa kuɗin gini. Wani ɗan'uwa ya ba da aron gona, za a yi gayya a noma masara da waken suya, amfanin duka na albashi ne. Kowane gida, ko da yaro a makaranta ko babu, zai kawo kwanon hatsi da kaka domin yaran da ba su iya biya, 'yar gwauruwar nan tana cikinsu. Aji ɗaya zuwa uku za su koyi karatu da lissafi da Hausa, da darasin Turanci kowace rana, daga aji huɗu a juya sannu a hankali. Dattawa biyu ba su yarda ba, hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce: rufin majami'a yana yoyo a gefen mata, maganar Hausa kuma tana iya sa waɗansu iyayen su ƙara tafiya. Mai yiwuwa ne su tafi. Mun rubuta ra'ayinsu a littafin taro, za a sake duba lissafin bayan girbi.

Tsohon da ya yi tambayar bai ce ya gamsu ba. Ya ce shi ma zai je ya gani. Sau uku ke nan yana zuwa da sandarsa ya zauna a bencin baya na aji ɗaya, yara suna waiwaye suna dariya ƙasa ƙasa. Shi bai taɓa yin makaranta ba. Ran Talatar da ta wuce malama ta ce ya tsaya bayan an tashi, ya tambaye ta wane baƙi ne farkon sunansa.

Ekklesiyoyin da ke da irin makarantar nan, muna roƙonku ku rubuto mana ta hannun edita yadda ku ke biyan malamanku a watannin damina, sa'ad da hannun kowa ya ke a bushe, gama a nan ne har yanzu ba mu sami hanya ba. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi nazarin yaron nan Sama'ila da 'ya'yan Eli, waɗanda suka girma a gida ɗaya a Shilo. A karanta 1 Sama'ila sura 1 zuwa 3 kafin lokacin.